SASSAƘAR JUYI: SANA'A DAGA ICCEN DA YA FAƊI

Ko wace shekara, da zarar hadarin farko ya taso da iska a ƙarshen bazara, ba a rasa itatuwan da su ke faɗuwa a gonaki da bakin hanya da cikin gari. Kafin kwana uku masu gatari sun taru, an faskare, an ɗaure, an kai murhu. Iccen da ya yi shekara tamanin yana girma sai ya ƙare cikin mako biyu wajen dafa tuwo. Ba mu ce laifi ne a dafa tuwo ba. Amma a cikin gungumen nan akwai akusa da ƙafafun kujeru da ƙotoci waɗanda za a daɗe ana mora, kuɗinsu kuwa ya fi na itacen wuta nesa. Nufinmu a wannan darasi mu bayyana wata sana'a wadda jarinta ke yashe a ƙasa, domin mu da za mu fita koyarwa mu sami abin da za mu nuna wa yara, tun ba waɗanda ba za su sami aikin albashi ba.

Yadda keken ya ke

Kowa ya san masassaƙin ƙasarmu. Ya kan danne icce da ƙafa, ya riƙa saransa da gizago yana kewaya shi, har turmi ko akushi ya fito. A sassaƙar juyi kuwa iccen ne ke yin tafiya. A kan ɗaura shi bisa wani abu da za mu kira keken sassaƙa, ya riƙa juyawa kamar mazari, mai aiki ya kafa bakin kurfi a jikinsa. Duk inda ya yi tudu kurfi ya aske shi, har ya zama a mulmule daidai ta ko wane gefe.

Keken ba wani abin mamaki ba ne. Ginshiƙai biyu ne a kafe bisa katako mai nauyi, ko wanne da tsinin ƙarfe, tsinayen na duban juna. Tsakaninsu a ke matse iccen. A gaba akwai sanda a gicciye wadda a ke ɗora kurfi a kai don kada hannu ya yi rawa. Saura abin da zai juya iccen, nan ne dabarun mutane su ka bambanta.

A ƙasar Masar akwai kabarin wani babban mutum mai suna Petosiris, wanda aka gina wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa. A bangonsa an zana mutum biyu suna wannan aiki, ɗaya na jan igiya da aka naɗa a jikin iccen, ɗaya na riƙe da kurfi. Daga baya aka ɗaura igiyar a jikin baka, mutum ɗaya ya iya aikin shi kaɗai. Har yanzu a kasuwar Marrakush ta Maroko a kan ga masu sana'ar zaune a ƙasa, hannu ɗaya na jan baka, yatsun ƙafa na taya riƙon kurfi. Tagogin nan na tsofaffin gidajen Alƙahira da a ke kira mashrabiyya, da ƙananan itatuwa juyayyu aka harhaɗa su.

Mutanen Ingila kuma su ka ɗaura igiyar a ƙarshen wata doguwar sanda mai lanƙwasa, ta sauko ta naɗe iccen, ta ƙare a wani mataki. In an taka, iccen ya juyo wajen mai aiki, kurfi ya ci. In an ɗaga ƙafa, sandar ta miƙe ta mai da shi baya. Da irin wannan keke wani mutum mai suna George Lailey ya yi ta fafe akusa a ƙauyen Bucklebury har ya rasu a 1958. Abin koyi gare shi, ba ya yarda cikin akushi ya tafi a ɓarɓashi. Da lanƙwasasshen kurfi ya kan cire cikin ɗungum, ya sake fitar da ƙaramin akushi daga ciki, daga wannan kuma wani ƙarami.

Yau akwai keke mai aiki da lantarki, ya fi sauri, ya fi tsada, in an ɗauke wuta kuwa sai zama. Mai farawa ba ya bukatarsa. Kafinta da maƙerin garinmu sun isa su haɗa keken taki, maƙeri kuma ya iya ƙera kurfi daga tsohon sifirin mota.

Inda a ke samun icce

Sharaɗin farko na wannan sana'a shi ne kada a kashe icce mai rai dominta. Dalili kuwa a fili ya ke. Itatuwan da su ka fi kyaun juyi su ne masu jinkirin girma, kuma su ne su ke ƙarewa. Madobiya ta isa misali. Tsakanin 2014 da 2017 an yi ta sare ta a dazuzzukan Taraba da Adamawa da Kogi, ana loda gumagumai zuwa ƙasar Sin don yin kayan ɗaki. Akwai wata yarjejeniya ta ƙasashen duniya mai suna CITES, wadda aka ƙulla a 1973 don tsare dabbobi da tsire-tsire kada fatauci ya ƙarar da su. A taronta na Johannesbag a 2016 aka sa madobiya cikin itatuwan da ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini, a 2018 kuma aka ce a dakatar da cinikinta daga Nijeriya. A taron Panama na 2022 aka ƙara da kawo da maɗaci. Kun ga ke nan itatuwan da kakanninmu su ke gani birjik, yau duniya na ƙirga su.

To, ina mai juyi zai samu? Akwai wanda iska ta kayar, da wanda ya bushe a tsaye don tsufa. Akwai wanda aka tumɓuke wajen yin hanya ko gini, da rassan da aka datse don kada su taɓa wayar lantarki. Akwai tsohon turmi da ya huje, da ƙyauren da aka cire, da guntayen da masu tsaga katako ke zubarwa. Mai juyi ba ya neman dogon katako kamar kafinta. Guntu mai tsawon ƙafa ɗaya, wanda ba ya wa kowa amfani sai mai dafuwa, shi a gare shi akushi biyu ne.

Amma faɗuwar icce ba ta raba shi da mai shi. Kowa ya san ɗorawa da kaɗanya da tsamiya suna da masu su, wani lokaci ma mai iccen dabam, mai gonar dabam. Sai a nemi mai shi a yi ciniki, a sanar da mai unguwa. In a gandun daji ne ko bakin hanyar hukuma, a nemi izinin ma'aikatan daji, a karɓi takarda a adana. Wanda kuma zai aika da kayansa wata ƙasa, ya tambayi dokar fita tun bai ɗaure kaya ba.

Akwai wani haɗari da ya kamata mu faɗa wa juna. Ran da mutane su ka ji ana sayen mataccen icce, ba za a rasa mai kwaɗayin da zai zagaye ɓawon mai rai da gatari, ko ya hura wuta a gindinsa da dare, in ya bushe ya zo ya ce Allah ne ya kashe. Mai sana'ar kirki ya kan je da ƙafarsa ya duba kututturen. In ya ga sawun gatari a kewaye ko baƙin wuta a gindi, ya juya ya tafi, kome arahar abin. In ya saya sau ɗaya, to ya buɗe kasuwar da za ta cinye itatuwan garinsu, 'ya'yansa kuwa su tashi ba abin sassaƙa.

Wane icce, wane aiki

Ƙirya tana da tauri da nauyi, gara ba ta cika damunta ba, shi ya sa a ke yin turmi da ita, maƙera kuma ke son gawayinta. Ta dace da ƙaramin turmin yaji da taɓaryarsa, amma tana dakushe kurfi da wuri. Maɗaci ja ne, ba ya wahalar aski, ya yi kyau ga faranti da ƙafafun gado. Kawo ba ya cika motsi bayan ya bushe, don haka ya dace da abu mai murfi. Aduwa, wadda a ke yi mana allo da ita, naman jikinta a matse ya ke, tana yin santsi, ta yi daidai da ƙota da 'ya'yan carbi. Kanya da marke da zuciyar tsamiya duk masu ƙarfi ne. Danya kuwa mai taushi ce, masassaƙa sun daɗe suna fafe akusa da ita. Kuka ba ta da amfani a nan, don cikinta kamar soso ya ke.

A yawancin waɗannan akwai jan ciki da farin baya. Farin bayan nan shi ƙwari su ka fi so. In an ga ƙananan huji da gari na zuba, a sare wurin a yar, kada a ajiye shi kusa da sauran.

Busarwa

Nan ne uwar sana'ar ta ke, nan ne kuma mafi yawa su ke faɗuwa. Ɗanyen icce cike ya ke da ruwa, wani ma kusan rabin nauyinsa ruwa ne. Sa'ad da ruwan ke fita, iccen ya kan tsuke. In da yana tsukewa daidai ta ko'ina da ba kome. Amma ku dubi bakin gungumen da aka yanke da zarto, za ku ga zobba suna kewaye da cibiya. Tsukewar da icce ke yi ta bin kewayen zobban nan ta kai wajen ninki biyu na wadda ya ke yi daga ɓawo zuwa cibiya, ta tsawo kuwa kusan babu. Saboda haka in an bar gungume ɗungum, bayansa na so ya matse fiye da yadda cikinsa zai yarda, sai ya tsage daga cibiya zuwa waje. Har wa yau ruwa ya fi saurin fita ta bakin yanka, shi ya sa tsaga ke farawa daga can.

In mun gane wannan, maganin ba wuya. Da farko, ran da aka samo gungume a tsaga shi biyu ta tsawo, a bi ta kan cibiya, a kankare cibiyar a fitar. Na biyu, a narka kakin zuma a shafe bakin yanka duka biyu, ko a shafa ragowar fenti. Na uku, a jera a inuwa bisa duwatsu don gara, a sa 'yan sanduna tsakani iska ta ratsa.

Masu katako na ƙasashen sanyi suna da ƙiyasi, wai ko wane inci na kauri shekara guda ya ke bukata. A ƙasarmu ya fi haka sauri, amma duk da haka guntu mai kaurin inci 5 zai daɗe, mai neman abinci kuwa ba ya iya jira. Dabarar ita ce a juya akushi sau biyu. A fafe shi tun yana ɗanye, lokacin da ya fi daɗin aski, amma a bar bangonsa da kauri, kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa. Watau akushi mai faɗin inci 10, bangonsa inci 1. Sa'an nan a tura shi cikin buhu tare da ɓarɓashinsa, a ajiye a ɗaki. Yana bushewa zai karkace ya yi kamar ƙwai, amma da ya ke cikinsa a fafe ya ke, ya sami wurin motsi, bai cika tsagewa ba. In ya gama, a mai da shi keke a aske karkatar, kaurin nan da aka bari shi zai ba da abin askewa.

Yaya za a san ya gama? Ido ba ya faɗa, sai ma'auni. A rubuta ranar fafewa da nauyinsa a gindinsa, a riƙa aunawa ko wane mako biyu. Muddin nauyi na raguwa, da sauran ruwa. In ya tsaya wuri ɗaya sau biyu ko uku a jere, ya isa.

Shekararmu kuwa kamar don wannan aiki aka tsara ta. Itatuwa na faɗuwa a farkon damina, lokacin da iska ke da laima, abin da aka fafe ya bushe sannu sannu. Sai dai a riƙa buɗe buhu ana dubawa kada ya yi fumfuna. Hunturu shi ne abokin gaba, don iskarsa na iya tsaga ɗanyen akushi a dare ɗaya, saboda haka a rufe ƙofa da taga. Da rani, an gama aikin gona, kaya sun bushe, mutane na da kuɗin amfanin gona, bukukuwa sun kankama, sai a ƙarasa a kai kasuwa. Wanda ya jira sai an zo da kuɗi kana ya nemi icce, ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A tuna kuma icce ba ya daina numfashi. Ƙyauren da ke cijewa da damina shi ne ke sakewa da rani. Murfin da aka yi cif a watan Janairu zai ƙi buɗuwa a Agusta in ba a bar masa ɗan sarari ba.

A gaban keke

Iccen tsintuwa ya kan zo da abin da ba a gani. Na bakin hanya da na cikin gari ba a rasa ƙusa ko waya da nama ya rufe, na kusa da saiwa kuma da tsakuwa. A bincika sosai, a ƙwanƙwasa a ji amo. Wanda ya yi ƙarar fasasshen tulu yana da tsaga a ciki, in ya tarwatse yana juyi ya iya fasa wa mutum kai.

Ga mai keken lantarki akwai ƙiyasin da masu sana'ar ke bi: faɗin icce a inci, in an ninka shi da yawan juyinsa a minti ɗaya, ya faɗa tsakanin 6,000 da 9,000. Akushi mai inci 10 ke nan juyi 600 zuwa 900. Iyakar girmansa, iyakar rage gudu. Wanda bai riga ya mulmulu ba kuwa a fara da ƙasa da haka, a tsaya gefe sa'ad da za a kunna.

Kada a yi aiki da babbar riga ko rawani mai jela, don keke ba ya sakin abin da ya kama. A sa abin kare ido, a rufe hanci lokacin gogewa da samfefa, gama ƙurar wasu itatuwa na sa tari da ƙaiƙayi. A riƙa wasa kurfi a kai a kai. Mai kaifi ya kan fitar da ɓarɓashi dogo dogo, dakusasshe kuwa sai gari, ya yage naman icce, ya gajiyar da mai shi. Abin da za a ci abinci a ciki a shafe shi da man kaɗe ko kakin zuma, kada fenti ya taɓa cikinsa.

Ciniki da lissafi

Gaskiya ne tasa da roba da silba sun ture akushi daga gidaje da yawa, kuma ba za a yi gasar araha da su ba. Amma akushi na riƙe zafin tuwo, ba ya ƙona hannu, ba ya tsatsa, dattawa da yawa har yau shi su ka fi so. Akwai kuma masu neman abin kyauta, da baƙi, da kafintoci masu son ƙafafun kujeru iri ɗaya. Ƙananan kaya, kamar ƙota da muciya da carbi, su ke kawo kuɗin cefane kullum, daga guntayen da manya su ka bari.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ce ai iccen kusan kyauta ya samu, ya sayar yadda ya ga dama. Bari mu buga misali, kuɗin kuwa na misali ne kurum, kowa ya sa na garinsu. Mu ce an fafe akusa 20. Kuɗin icce da amalanke da kaki da mai da wasa kurfi sun kama naira 18,000. Aiki ya ci kwana 10, in da ƙodago ya tafi da an biya shi naira 3,000 a yini, watau 30,000. Jimla 48,000. In ya raba da 20, ko wanne ya tashi 2,400. Amma wajen bushewa 4 sun tsage, saura 16. In ya sayar a kan 2,400 zai tara 38,400, ya yi hasarar 9,600 yana tsammanin ya ci riba. Daidai shi ne a raba da 16, ko wanne 3,000, riba kuwa sai abin da ya hau bisa wannan. Lafiyayyu su ke biyan kuɗin fasassu.

Mutuncin mai sana'a kuwa a busarwa ya ke. In ya yi gaggawa ya sayar da ɗanye, ya tsage a ɗakin amarya bayan mako guda, labari zai riga shi zuwa kasuwa. Ya kyautu ya ƙona alamarsa a gindin ko wane akushi, ya faɗa wa mai saye sunan iccen da inda ya faɗi. Mutum ya fi riƙe abin da ya san asalinsa.

Abin da za mu yi a makaranta

Ko makarantar da ba ta da keke ta iya fara wannan darasi. A sa yara su kawo guntayen itatuwa, a rubuta sunan ko wanne, su koyi bambanta su da launi da nauyi da ƙanshi. A yanki ɗanyen reshe gida uku: ɗaya a bar shi a rana, ɗaya a shafe bakinsa da kaki a sa a inuwa, ɗaya a tsaga ta cibiya kana a shafe. A riƙa aunawa ko wace Alhamis ana rubutawa a allo. Kafin ƙarshen zango yara sun ga da idonsu wanne ya tsage, sun kuma yi ɗebewa da rabawa da abin da hannunsu ya taɓa.

Sa'an nan a kafa doka: duk gungumen da ya shigo makaranta, a dasa iri biyu na jinsinsa, a kewaye da ƙaya don awaki, a ba yara su riƙa ban ruwa har damina. Maɗacin da mu ke sha wa inuwa yau, wanda ya dasa shi bai zauna ƙarƙashinsa ba. Allah ya ba mu ikon yin haka ga na bayanmu, amin.